Idon Baƙo da Idon Ɗan Gari: Tarken Zanen Cocin Ƙauyen Auvers Daga Mahangar Zongon Lome

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ya saba da feɗe waƙa da tarken ƙagaggen labari. Idan aka ba shi waƙa zai fito da jigonta, ya warware shi, ya duba zubi da tsari, sannan ya bi salo da sarrafa harshe, kamar yadda malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa hanya. Amma idan aka ajiye masa zanen fenti a gabansa, sau da yawa maganarsa ba ta wuce "yana da kyau" ko "bai yi kama ba". Wannan giɓi ne a fagen nazari, domin harshen da ya iya bayyana waƙa bai kamata ya gaza bayyana abin da ido ya gani ba.

Wannan takarda za ta gwada kayan aikin tarken adabi a kan zane guda ɗaya, wato zanen cocin ƙauyen Auvers na ƙasar Faransa, wanda Vincent van Gogh ya yi a shekarar 1890. Hasashen takardar shi ne, zanen yana nuna yadda baƙo yake ganin ginin da ke tsakiyar rayuwar wasu mutane. Don a fito da wannan fili, za a jingina bayanin da rayuwar Hausawan Zongon Lome a ƙasar Togo, waɗanda suka shafe fiye da shekara 100 suna zaune kusa da majami'u a matsayin baƙi kuma maƙwabta.

2.0 Ma'anar Zanen Wuri

Kalmar "zane" tana da faɗi a Hausa. Ana kiran tufar mace zane, ana kiran tsagar fuska zane, haka kuma adon da ake yi wa bango ko ƙwarya. A wannan takarda ana nufin hoton da aka yi da hannu, da fentin mai da buroshi, a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure a katako. "Zanen wuri" kuwa shi ne wanda ƙasa da sama da itatuwa da gine-gine suka zama ginshiƙinsa, idan ma akwai mutum a ciki to ɗan rakiya ne kawai.

Abin lura a nan shi ne, mai zanen wuri yana yin zaɓi kamar yadda mawaƙi yake yi. Shi zai zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai shigar, da abin da zai bari a waje, da launin da zai ba kowane abu. Saboda haka tambayar farko da manazarci zai yi ita ce: a ina aka tsayar da mai kallo, kuma me ya sa? Batun kama da rashin kama yana zuwa ne daga baya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

An haifi Vincent van Gogh a shekarar 1853 a ƙauyen Zundert na ƙasar Holan. Mahaifinsa fasto ne, shi ma ya so ya gaje shi. A shekarar 1879 ya yi aikin wa'azi a tsakanin masu haƙar kwal a yankin Borinage na ƙasar Beljiyam, amma bayan wata 6 hukumar da ta ɗauke shi ba ta sabunta masa aikin ba. Daga shekarar 1880 ya mayar da hankalinsa kacokan ga zane. Ya yi fama da taɓin hankali, har ya zauna shekara guda a gidan jinya a Saint-Rémy, kudancin Faransa, daga watan Mayu na 1889 zuwa Mayu na 1890.

A ranar 20 ga Mayu 1890 ya sauka a Auvers, wani ƙauye a bakin kogin Oise, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da Faris. Ya kama ɗaki a masaukin baƙi na iyalan Ravoux, Likita Paul Gachet yana kula da lafiyarsa. Kwana 70 ya yi a ƙauyen, a cikinsu ya yi zane fiye da 70. Ya harbi kansa a ranar 27 ga Yuli, ya rasu ranar 29 ga watan, yana da shekara 37.

Zanen cocin ya yi shi ne a farkon watan Yuni. Tsawonsa santimita 94, faɗinsa 74. Ginin da ya zana tsohuwar majami'ar Katolika ce da aka gina tsakanin ƙarni na 12 da na 13, kuma tana nan har yau. Zanen ya daɗe a hannun iyalan Likita Gachet kafin ya shiga taskar gwamnatin Faransa a farkon shekarun 1950. Yanzu yana gidan adana zane-zane na Orsay a Faris.

4.0 Zubi da Tsarin Zanen

4.1 Matsayar Mai Kallo

Tsofaffin majami'un Turai suna da babbar ƙofa ta yamma, bagade kuma yana ɓangaren gabas. Van Gogh ya tsaya ne ta gabas, wato ta bayan ginin. Misalin wannan shi ne mutum ya tsaya a waje yana kallon bangon alƙiblar masallaci: zai ga ɗan ɗakin liman ya turo waje, zai ga tagogi da hasumiya, amma ƙofofin da jama'a ke shiga ba sa nan. Haka abin yake a wannan zane. Ga hasumiya, ga rufi hawa-hawa, ga manyan tagogi, amma babu ƙofa ko ɗaya da ido zai bi ya shiga.

A ƙasan zanen akwai hanya guda da ta taso daga inda mai kallo yake tsaye. Kafin ta isa ginin sai ta rabu biyu, ɗaya ta yi hagu, ɗaya ta yi dama, ciyawa mai furanni ta cike tsakaninsu. Duk hanyoyin biyu kewaya ginin suke yi. A kan ta hagu akwai mace guda mai farin kallabi, ta ba mai kallo baya tana tafiya. Ita kaɗai ce mutum a cikin zanen. Ke nan tsarin ya ginu a kan abu uku: gini babba a tsakiya, hanya mai rassa biyu, da mai wucewa.

4.2 Launi

A nan ne harshen ɗalibi yake fuskantar jarrabawa. Cewa sararin samaniyar zanen "shuɗi" ne bai wadatar ba. Shuɗi ne mai duhu, irin na turkuɗin da ya sha baba ya sha bugu, har yana neman komawa baƙi a wasu wurare. Bangon ginin shunayya ne da ya gauraya da ruwan toka. Rufin shunayya ne, an ɗiga masa ruwan goro a wasu sassa. Tagogin sun ɗauki launin sararin samaniya, ta yadda mai kallo ba ya hango komai na ciki, sai dai sama ta dawo masa a fuskar gilashi. Ciyawar kuwa kore ce da tsanwa, hanyar kuma rairayi ne mai ruwan ɗorawa da ratsin ruwan hoda.

Shi kansa mai zanen ya lissafa waɗannan launuka a wasiƙar da ya aika wa ƙanwarsa Wil a ranar 5 ga Yuni 1890. A ciki ya danganta aikin da zane-zanen da ya yi a ƙauyen Nuenen na Holan, na wata tsohuwar hasumiyar coci da maƙabartarta, sai dai yana ganin launin na yanzu ya fi fito da abin da ke zuciya.

Idan aka duba da kyau za a tarar da saɓani a cikin hasken. Ƙasa tana cikin rana, ciyawa da rairayi suna walƙiya, amma sama ta yi duhu kamar ta hadari ko ta bayan magariba. Ginin kuma yana zaune cikin inuwarsa. Wato lokaci biyu ne aka haɗa a ƙyalle ɗaya. Inda baƙo yake takawa akwai haske, domin ya san hanya. Inda bai shiga ba kuwa a rufe yake gare shi.

4.3 Bugun Buroshi

Van Gogh bai shafe fentinsa ya yi sumul ba. Ya bar sawun buroshi a fili. Hanyar an yi ta ne da gajerun layuka a jere masu bin juna kamar ruwa mai gudu. Samaniya an murɗa ta. Layukan rufi da na bango ba su miƙe ba, sun lanƙwashe kamar ginin yana numfashi. A harshen tarken waƙa wannan mutuntarwa ce, wato an ba dutse halin mai rai.

Idon Bahaushe bai kamata ya yi baƙunta a nan ba. Wanda ya saba ganin sawun yatsun magini a jikin yaɓen soro, ko jeren allura a ɗinkin hula da aska takwas a gaban riga, ya san cewa maimaita ɗan ƙaramin layi yana haifar da motsi. Kamar yadda amsa-amo da kari suke riƙe waƙa, haka waɗannan layuka suke riƙe zanen. Su ne suke jan ido daga ƙasa, su kai shi mararraba, su kewaya da shi gefen ginin.

5.0 Jigo: Kallon Baƙo

Don a gane jigon zanen, yana da kyau a waiwayi kalmar "zango". Asalinta wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Daga nan ta zama sunan unguwar baƙi 'yan kasuwa a garuruwan Gana da Togo da Benin, inda ake furta ta "zongo". Fataken Hausawa sun zauna a Lome tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Jamusawa suka mayar da garin hedikwatar mulkinsu a shekarar 1897. Sun yi cinikin goro da dabbobi da sauran haja, a ƙarƙashin tsarin maigida mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Masanin zamantakewa Michel Agier ya yi nazarin wannan al'umma, aikinsa ya fito a shekarar 1983.

A gefen Babbar Kasuwar Lome akwai babbar majami'ar Katolika mai hasumiya biyu, wadda 'yan mishan Jamusawa suka gina a shekarun 1901 da 1902. Ɗan Zongo da ke zuwa kasuwa ya san wannan gini sarai. Ya san inuwarsa, ya san ƙarar ƙararrawarsa, yana kwatance da shi idan zai yi wa wani bayanin rumfa. Abin da bai sani ba shi ne cikinsa. Hanyarsa kullum tana kewaya shi ne, ta hagu ko ta dama. Wannan shi ne ainihin wurin da Van Gogh ya tsayar da mai kallo.

Shi ma mai zanen ɗan zango ne a Auvers. Mutumin Holan ne a ƙasar Faransa, ɗan gidan Furotesta a ƙauyen Katolika, mai haya a masauki, wanda kuma ya daɗe da barin aikin coci. Bai zana wurin da aka yi masa baftisma ko aka binne kakanninsa ba. Ya zana abin da mai wucewa yake gani.

Sai dai akwai abu muhimmi da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Kallon baƙo daban yake da kallon maƙiyi. Mai zanen ya ba ginin kusan rabin ƙyallen, ya bi kowace taga da kowane lungu na rufi da haƙuri, ya tufatar da shi da launuka mafi tsada a idonsa. Wanda ya raina abu ba ya ɓata masa wannan lokaci. Abin da zanen ya ƙunsa shi ne girmamawa tare da tazara: ga abu mai daraja a wurin masu shi, ga kuma iyakar da baƙo ya tsaya. Zaman Zongo da 'yan ƙasa a Lome ya ginu a kan irin wannan fahimta. Bisa ga haka, ɗalibin da ya kawar da kai daga zanen don kawai coci ne a ciki, ya bar abin da ya fi kowa cancantar ganewa.

6.0 Kwatanci da Zanen Ɗan Gari

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Jigon da aka ambata zai ƙara fitowa idan aka ajiye wannan zane kusa da na Jean-François Millet, wanda Van Gogh yake ɗauka a matsayin malami, har ya kwaikwayi ayyukansa da dama. An haifi Millet a shekarar 1814 a Gruchy, wata 'yar unguwa ta ƙauyen Gréville a gaɓar tekun Normandi. Ya bar gida ya zauna a Barbizon tun 1849, sannan yaƙin Faransa da Jamusawan Prusiya na 1870 ya mayar da shi yankinsu na wani lokaci. Tsakanin 1871 da 1874 ya zana cocin Gréville, wato na ƙauyen da ya tashi. Shi ma wannan zane yana gidan Orsay.

Bambancin a bayyane yake. Zanen Millet ya fi faɗi a kan tsawo, na Van Gogh ya fi tsawo a kan faɗi. Cocin Millet gajere ne, ya zauna daram, launin dutsensa ya saje da na ƙasar da ke kewaye da shi, kamar tsirowa ya yi daga cikinta. Sama tana da haske, tsuntsaye suna shawagi, ana hango teku daga nesa. Haske ɗaya ne ya lulluɓe gini da ƙasa da sama. A wurin Millet coci ɗaya ne daga cikin kayan gida. A wurin Van Gogh kuwa ya tsaya shi kaɗai, ya tare gaba, ya bambanta da ƙasar da yake kai.

Ba a cewa ɗaya ya fi ɗaya gaskiya. Ɗan gari yana ganin yadda abu ya haɗu da sauran abubuwa, amma sabo yakan hana shi ganin siffarsa. Baƙo yana ganin siffa ƙuru-ƙuru, amma ma'anar ciki takan kuɓuce masa. Darajar zanen Auvers ita ce bai yi da'awar sanin abin da bai sani ba.

7.0 Rauni da Wuraren Hattara

Tarke ba yabo kaɗai ba ne. Matar da ke kan hanya ba ta samu kulawar da ginin ya samu ba, an yi ta ne da 'yan layuka cikin gaggawa, kuma wanda ya nemi daidaiton awo irin na magina zai ga bango da rufi sun karkace. Karkacewar ginin tana yi wa jigo aiki, don haka salo ce. Game da matar kuwa ana iya cewa saurin aikin ya bar alama, ko da yake rashin fuskarta ya sa kowane mai wucewa zai iya tsayawa a matsayinta.

Wurin hattara na farko shi ne karanta mutuwar mai zanen a cikin zanen. Gaskiya ne bayan makonni kaɗan ya rasu, kuma limamin wannan coci bai yarda a yi masa addu'ar jana'iza a ciki ba saboda yadda ya mutu, sai a masaukinsa aka yi ban kwana da shi. Wannan ya sa masu sharhi da yawa suke ɗaukar duhun saman a matsayin ishara. Amma a lokacin da yake zanen bai san abin da zai faru ba, wasiƙarsa kuma maganar launi take yi cikin jin daɗin aiki. Ƙa'idar tarke ita ce a kafa hujja da abin da ke cikin matani, tarihin mai shi ya zo a matsayin mai taimako.

Na biyu shi ne ɗaukar zane a matsayin ado kawai. Zanen wuri yakan zama shaida. Tsohuwar hasumiyar Nuenen da aka ambata a baya an rushe ta a shekarar 1885, Van Gogh ya zana ta ana cikin rushewar, yau a zanensa ake ganin ta. Haka tsohon Zongon Lome da ke tsakiyar gari: hukuma ta rushe shi a shekarar 1977, aka mayar da mutanensa Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birnin, manyan gine-ginen bankuna suka maye wurin. Unguwar da aka tashe ta tana rayuwa ne a cikin abin da aka faɗa, ko aka rubuta, ko aka zana game da ita. Wanda bai iya bayyana wuri ba, ranar da wurin ya tafi ba shi da abin da zai miƙa wa na baya.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kayan aikin feɗe waƙa suna iya ɗaukar zanen fenti. Matsayar mai kallo da rabuwar hanya su ne zubi da tsari, launi da bugun buroshi su ne salo, kallon baƙo kuma shi ne jigo. An kuma ga cewa Hausa tana da isassun kalmomin launi da na siffa, matuƙar ɗalibi ya nemo su a marina da wurin magina da maɗinka.

Ana iya gwada wannan hanya a kan wuraren da ke kusa. Akwai cocin Togoville da aka gina a shekarar 1910 a gaɓar Tafkin Togo, wanda mai zuwa daga Agbodrafo yake fara hangowa daga cikin kwalekwale. Akwai kuma cocin Wusasa kusa da Zariya, wanda aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa bayan 'yan mishan sun koma can daga cikin birni a shekarar 1929. Na biyun ya fi wuyar sha'ani, domin magini da tubali da siffa duk na gida ne, ga Bahaushen Wusasa Kirista kuma ginin nasa ne ciki da waje. Idan ɗalibi ya samu zane ko hoton ɗayansu, sai ya fara da tambayoyi uku: a ina aka tsaya, me aka bari a waje, kuma hanya tana shiga ne ko tana kewayawa? Amsoshin za su nuna masa ko idon baƙo ne ya yi aikin ko na ɗan gari.